Amfani da Ƙwayoyin Halitta Masu Mutuwa wajen Rigakafin Ciwon Sukari Nau'i na Ɗaya: Bitar Hujjoji da Ma'anarsu ga Gundumar Gure

Tsakure

Ciwon sukari nau'i na ɗaya yana samuwa ne idan garkuwar jiki ta auka wa ƙwayoyin beta masu samar da insulin ta hallaka su. Tun ƙarshen shekarun 1990 masana suka lura cewa ƙwayoyin halittar da suka mutu bisa tsari suna kwantar da garkuwa, sai aka shiga gwada su don dawo mata da kawaicin da ta rasa. Wannan maƙala ta yi bitar manyan gwaje-gwajen da aka buga a kan ɓeraye da birai da mutane, sannan ta auna su da yanayin gundumar Gure ta jahar Damagaram a Jamhuriyar Nijar. An gano cewa dabarar tana da sharuɗɗa uku: ciwon ya kasance na garkuwa ne, a riske shi tun bai bayyana ba, kuma saifar majinyaci ta kasance tana aiki. Kowane ɗaya daga cikinsu yana buƙatar bincike na musamman a wannan yanki. Maƙalar ta tafi a kan cewa aikin da ke gaban masana lafiya na Gure da Damagaram shi ne gano yaran da ke da ciwon, tantance irinsa, da tabbatar musu da insulin, kafin a kai ga batun sabuwar rigakafi.

Fitilun kalmomi: ciwon sukari, garkuwar jiki, kawaici, tsararriyar mutuwa, saifa, Gure

1.0 Gabatarwa

A watan Janairun 1922 aka yi wa mutum na farko allurar insulin a Toronto ta Kanada. Daga ranar, ciwon da yake kashe yaro cikin watanni ya zama wanda ake rayuwa da shi. Sai dai insulin cike giɓi yake yi, ba ya taɓa tushen cutar. Gepts ya nuna a 1965 cewa ƙwayoyin garkuwa suna mamaye tsibiran da ke samar da insulin a cikin fankiriyas. Bottazzo da abokan aikinsa sun gano antibodi masu yaƙar waɗannan tsibirai a 1974, Eisenbarth kuwa ya bayyana cutar a 1986 a matsayin yaƙin cikin gida da ke ɗaukar shekaru kafin alamunsa su fito.

Yunƙurin farko na tsayar da yaƙin shi ne danne garkuwa gaba ɗayanta. A shekarun 1980 an gwada maganin siklosforin a Kanada da Faransa. Ya rage buƙatar insulin na ɗan lokaci, amma yana lahanta ƙoda, kuma da an daina shan sa ciwon yakan dawo. Wannan ya sa hankali ya koma ga wata tambaya: shin za a iya koya wa garkuwa ta ƙyale ƙwayoyin beta kaɗai, ta ci gaba da yaƙar cututtuka? Manufar wannan maƙala ita ce nazarin amsar da aka nema ta hanyar ƙwayoyi masu mutuwa, da tantance abin da za ta tsinana wa al'umma irin ta Gure.

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Bincike ne na bita. An zaɓi ayyukan da aka buga a mujallun kimiyyar garkuwa da na ciwon sukari, aka kasa su gida uku: masu bayanin tushen dabarar, masu gwada ta, da masu bayanin kamannin ciwon a Afirka. Daga nan aka fito da sharuɗɗan da gwaje-gwajen suka dogara a kansu, aka auna su da tsarin kiwon lafiya da cututtukan da suka yi katutu a gabashin Damagaram.

A maƙalar, “kawaici” na nufin yadda garkuwa take ganin sassan jikin mai ita amma ta kame ba ta taɓa su. “Tsararriyar mutuwa” ita ce afotosis, wadda Kerr da Wyllie da Currie suka siffanta a 1972: ƙwaya ta tsuke, ta kakkarye zuwa ƙananan ƙunshi, ba tare da kayan cikinta sun tsiyaye ba. Kishiyarta ita ce mutuwar fashewa, inda ƙwaya ke kumbura ta tarwatse.

3.0 Yadda Mutuwar Ƙwaya ke Koya wa Garkuwa Kawaici

Biliyoyin ƙwayoyi ne suke mutuwa kullum a jikin lafiyayyen mutum, amma ba ya zazzaɓi ba ya kumburi. Dalili shi ne ana kwashe su nan take. Fadok da abokan aikinta sun nuna a 1992 cewa ƙwayar da ta kama hanyar mutuwa takan fito da wani maiƙo mai suna fosfatidilserin daga cikin fatarta zuwa waje. Wannan maiƙo shi ne shaidar da ƙwayoyin garkuwa na makurofaj da na dendiritik suke gani su haɗiye ta. Voll da wasu a 1997, sannan Fadok da wasu a 1998, sun tabbatar da cewa haɗiyewar tana sauya halin mai haɗiyar: yakan rage sinadaran kumburi, ya saki IL-10 da TGF-beta masu kwantar da garkuwa. Idan ya nuna wa ƙwayoyin T na garkuwa gutsattsarin abin da ya haɗiye a wannan yanayi, sai ko dai su yi sanyi, ko su mutu, ko su rikiɗe zuwa ƙwayoyin T masu tsawatarwa. Lamarin ya yi kama da gawar da aka gaggauta yi wa sutura: gari ya zauna lafiya. Wadda aka yi jinkiri a kanta kuwa takan fashe, kayan cikinta su tayar da garkuwa.

An ga wannan jinkiri a ciwon sukari. Ɓeran NOD, wanda aka samar a Japan aka bayyana shi a 1980, yana kamuwa da ciwon shi kaɗai ba tare da an saka masa komai ba. Trudeau da wasu (2000) sun jawo hankali ga yawan mutuwar ƙwayoyin beta da ke aukuwa a jariran ɓeraye wajen mako biyu da haihuwa. O'Brien da wasu (2002) sun nuna cewa makurofaj na ɓeran NOD suna da rauni wajen kwashe matattun ƙwayoyi. Turley da wasu (2003) sun gano cewa daga waɗannan matattun ƙwayoyi ne dendiritik suke ɗaukar gutsattsarin da suke tayar da ƙwayoyin T masu kai hari. A ɗaya ɓangaren, Hugues da wasu (2002) sun haddasa ƙayyadajjiyar mutuwar ƙwayoyin beta da gangan, sai ta haifar da kawaici ta kare ɓerayen. Ke nan mutuwar iri ɗaya tana iya zama mafarin cuta ko maganinta. Abin da ke raba su shi ne yawanta, saurin kwashe ta, da kasancewar kumburi ko rashinsa a wurin.

4.0 Gwaje-gwajen da Aka Yi

4.1 A kan ɓeraye

A Jami'ar Florida, Xia da wasu (2007) sun haska wa ƙwayoyin beta na ɗakin gwaji hasken ultrabayolet har suka kama mutuwa, suka ɗura su ta jijiya ga ɓerayen NOD da ba su riga sun kamu ba. Ciwon ya jinkirta, wasu ma bai same su ba. A Badalona ta ƙasar Sifen, ayarin Marta Vives-Pi ya ciyar da ƙwayoyin dendiritik gutsattsarin matattun ƙwayoyin beta a ɗakin gwaji kafin a mayar da su jiki (Marin-Gallen da wasu, 2010), sai yawan kamuwa ya ragu. Amma da suka gwada irin wannan magani bayan ciwon ya bayyana, bai warkar ba.

Stephen Miller na Jami'ar Northwestern ya bi wata hanya. Ana ɗaukar fararen ƙwayoyin jini, a manna musu gutsuren furotin ɗin da ake so garkuwa ta ƙyale, da wani sinadari mai suna ECDI, wanda shi da kansa yake jefa su cikin tsararriyar mutuwa. Fife da wasu (2006) sun manna insulin ta wannan hanya, suka samu sauƙin ciwon a wani kaso na ɓerayen da suka kamu ba da jimawa ba. Getts da wasu (2011) sun nuna inda aikin yake gudana: a saifa, ta hannun makurofaj masu samar da IL-10.

Akwai abin lura a nan. Tun 1999 Atkinson da Leiter suka ƙirga hanyoyi fiye da 100 da suka hana ciwon ko suka jinkirta shi a ɓeran NOD, alhali kaɗan ne ƙwarai suka yi tasiri a jikin mutum. Nasarar ɓera hujja ce ta a ci gaba da bincike, ba ta kai matsayin magani ba.

4.2 A kan birai da mutane

A Jami'ar Minnesota, Singh da wasu (2019) sun dasa wa birai tsibiran fankiriyas na wasu birai, suka ɗura musu matattun fararen ƙwayoyin jini na mai bayarwa sau biyu, tare da maganin danne garkuwa na ƴan makonni. Dashen ya ci gaba da aiki fiye da shekara guda bayan an tsayar da maganin. A kan mutane, Lutterotti da wasu (2013) sun gwada dabarar ECDI a Jamus ga majinyata 9 masu wata cutar garkuwa da ke cin rigar jijiyoyi, aka samu ba ta cutar da su ba. Tun kafin nan, Ludvigsson da wasu (2001) a Suwidin sun fitar da fararen ƙwayoyin jinin yara sabbin kamu da ciwon sukari, suka haska musu ultrabayolet suka mayar. Tasirin da aka gani kaɗan ne.

Maganin da ya kai ga asibiti ta wata ƙofa ya shigo. Teplizumab antibodi ne da ke kama ƙwayoyin T. Perruche da wasu (2008) sun nuna a kan ɓeraye cewa irin wannan antibodi yana kawo kawaici ne, a wani ɓangare, ta hanyar kashe wasu ƙwayoyin T waɗanda makurofaj ke haɗiyewa su saki TGF-beta. Herold da wasu (2019) sun gwada shi a kan mutum 76 ƴan uwan masu ciwon, waɗanda jininsu ya nuna suna dab da kamuwa. Ƙarin ruwa na kwana 14 ya jinkirta bayyanar ciwon da kimanin shekara biyu. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Nuwamban 2022, da sunan Tzield, farashinsa kuma a lokacin ya haura dalar Amurka 190,000.

4.3 Kwaikwayon matacciyar ƙwaya

Wahalar sarrafa ƙwayoyi masu rai ta sa aka koma ƙera abin da ke kama da su. Pujol-Autonell da wasu (2015) sun haɗa ƴan ƙananan ƙunshin maiƙo masu fosfatidilserin a waje da gutsuren insulin a ciki, suka rage kamuwar ɓerayen NOD da su. A 2018 ayarin ya nuna cewa dendiritik da aka ɗebo daga jinin masu ciwon su ma suna haɗiye ƙunshin su koma masu kwantarwa. Ayarin Miller kuwa ya yi amfani da ƴan ƙwayoyin roba masu narkewa a jiki, kuma an gwada irinsu a kan masu cutar rashin jituwa da alkama (Kelly da wasu, 2021). Wannan reshe ne ya fi dacewa a zuba wa ido, domin abin da ake ƙerawa a masana'anta a zuba a kwalba shi ne mai iya yin tafiya mai nisa.

5.0 Auna Hujjojin da Yanayin Gure

Garin Gure, tsohuwar cibiyar Muniyo, yana kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram a kan hanyar Difa, tsakaninsa da Yamai kuwa ya haura kilomita 1,000. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar mutum fiye da 300,000, Barebari da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, manoma da makiyaya da masu lambunan kwari. Majinyaci yakan fara daga ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, ya wuce cibiyar lafiya ta yanki, sai asibitin gunduma da ke Gure, sannan Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram.

5.1 Wane irin ciwo ne?

Duk dabarun da aka ambata sun ginu ne a kan cewa garkuwa ce mai laifi. Binciken Katte da wasu (2025) ya girgiza wannan zato game da Afirka. Sun auna yara da matasa kusan 900 da aka rubuta a matsayin masu nau'i na ɗaya a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu, suka tarar kimanin kashi 65 cikin 100 ba su da antibodi masu yaƙar tsibiran fankiriyas, kuma ba su da alamun gado da aka saba gani, alhali jikinsu yana ƙarancin insulin. A shekarar ce kuma, a taronta na Bankok, Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da ciwon sukari mai nasaba da tamowa a matsayin nau'i na biyar. Tsohon zance ne ya dawo: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerinta a 1985, ta cire a 1999.

Wannan ya shafi Damagaram kai tsaye, domin jaha ce da tamowar yara ta daɗe tana addaba, kuma matsalar abinci ta 2005 ta tsananta a can da Maraɗi. Jariran wancan lokaci su ne samari da ƴan matan yau. Matashin da fankiriyas ɗinsa ya tsumbure saboda yunwar ƙuruciya ba ya da abin da zai ƙaru da shi daga maganin da ke lallashin garkuwa.

5.2 Lokaci

Ziegler da wasu (2013) sun nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na yaran da ke da antibodi iri biyu ko fiye suna kamuwa cikin shekara 10. A wannan tazara ce rigakafi ke da amfani, shi ya sa jahar Bavaria ta Jamus ta fara auna jinin lafiyayyun yara a 2015, Italiya kuma ta kafa doka a kan haka a 2023. A karkarar Afirka kuwa, ko bayan alamu sun fito akan makara. Ƙishirwa a bazara ba ta ba kowa mamaki, rama ana danganta ta da ƙarancin abinci, yaron da aka kawo a sume da damina kuma akan fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Beran da wasu (2005) sun ƙiyasta cewa yaron da ya kamu a karkarar Mozambik ba ya cika shekara guda a raye. A Mali, adadin yaran da aka rubuta ya ninka sau da yawa tsakanin 2007 da 2016, bayan ƙungiyar Santé Diabète da shirin Life for a Child sun samar da insulin da horo da wayar da kai (Sandy da wasu, 2021). Hakan na nuna cewa da yawa suna rasuwa ne tun ba a gano ciwonsu ba.

5.3 Saifa da sauran cututtuka

Tunda a saifa ake haɗiye ƙwayoyin da aka ɗura ta jijiya, halin saifar majinyaci abin dubawa ne. Amosanin jini, wanda ake kira emasi ko sikila, yana lalata aikin saifa tun ƙuruciya, zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa kuma yana kumbura ta ya sauya tsarinta. Ga kuma gargaɗin da ke cikin sashe na 3.0: matacciyar ƙwayar da ta tarar da kumburi tana iya tayar da garkuwa maimakon kwantar da ita. Ɓerayen gwaji a tsabtataccen ɗaki ake kiwon su, yaron Gure kuwa yana haɗuwa da cututtuka tun yana goye. Ta wata fuskar, hakan na iya zama kariya. Greenwood ya lura a 1968 cewa cututtukan garkuwa ba su da yawa a Ibadan, ya danganta hakan da zazzaɓi da tsutsotsi, Cooke da wasu (1999) kuma sun hana ɓeran NOD kamuwa ta hanyar sa masa tsutsa dangin mai haddasa tsargiya. Amsar waɗannan tambayoyi a yankunan da cututtukan suke za a same ta.

5.4 Kayan aiki da tsada

Sarrafa ƙwayoyin majinyaci na buƙatar na'urar tace jini, ɗakin gwaji marar ƙwayar cuta, da lantarki marar yankewa. Insulin bai kai haka wuya ba. Kaufmann da wasu (2021) sun nuna cewa kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin Dagahaley a Kenya. Inda zafi ya wuce haka, kamar Gure a watannin Afirilu da Mayu, ana iya sanyaya ta da dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi, wadda Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Matsalar ta fi karkata ga kuɗi: kyautar magani da Nijar ta kafa a 2006, a ɓangaren yara, ta tsaya ga ƴan ƙasa da shekara biyar, alhali yawancin masu wannan ciwo sun wuce nan.

6.0 Shawarwari

Na farko, a mayar da awon sukari na yatsa dole ga duk yaron da aka kawo a sume, ko mai rama da yawan fitsari, ko wanda ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, tun daga cibiyoyin lafiya na Kelle da Bune da Gidigir har asibitin gunduma.

Na biyu, a riƙe rajistar duk wanda ya kamu kafin shekara 30, a rubuta tarihin tamowarsa da nau'in jininsa na amosani.

Na uku, sashen kimiyyar lafiya na Jami'ar André Salifou ta Damagaram da cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai su haɗa hannu wajen auna antibodi na GAD da IA-2 da ZnT8, da ragowar insulin da jiki ke samarwa. Ana iya busar da ɗigon jini a kan takarda a aika da shi, ba sai an yi jigilar majinyaci ba.

Na huɗu, a shigar da insulin da allurai da tsinken awo cikin kayan da ake ba yara da matasa kyauta.

Na biyar, duk gwajin rigakafin da za a kawo yankin nan gaba ya fara da tantance garkuwa da saifar mahalarta, bisa amincewar iyaye da aka nema da harshen da suke ji.

7.0 Kammalawa

Hujjoji sun tabbatar da cewa ƙwayar da ta mutu bisa tsari tana koya wa garkuwa kawaici, kuma ta wannan hanya an kare ɓeraye daga ciwon, an kare dashen da aka yi wa birai. A jikin mutum, abin da aka samu zuwa yanzu jinkiri ne, ga wanda aka gano da wuri, a kan farashin da ya fi ƙarfin talaka. Idan dabarar za ta iso Gure wata rana, a kwalba za ta iso, kuma masu ciwon garkuwa na gaskiya kaɗai za ta amfana. Ba a fafe gora ranar tafiya: rajista da awon jini da insulin su ne shirin da hukumomin lafiya da masu bincike na Damagaram za su iya farawa yanzu, kuma su ne za su ceci ran yaran da ke ɗauke da ciwon a yau.